Kawa Mai Jan Ɗigo

Da hantsi, bayan ruwa ya janye ya bar taɓo yana ƙyalli, Dakta Aika ta ɗago kejinta na ƙarshe daga bakin magudana, ta buɗe, ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Kibwana mai kwalekwale, wanda ya kawo ta, ya ce daga baya ko gawar da teku ta tofo ba a yi mata irin wannan kallo. Kawa ce, 'yar halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, maƙil a kejin, da ranta, ba abin da ya same ta. Sai dai ba tata ba ce.

Tata kowace tana da ɗigon jan fenti a gindin ɓawo. Da hannunta ta ɗiga tun watannin baya, ta rarraba su a keji, ta ɗaure nan da can cikin dajin mikoko, itatuwan ruwan gishiri, da ya rufe rafin Pembeni. Dabarar ba ta da wuya. Kawa ba ta yawo. Inda aka ajiye ta nan take zama tana tsotsar ruwa, kuma duk abin da ruwan ya ɗauko yana taruwa a namanta. Kana iya ɗibar ruwa a kwalba ka gwada ka ga garau, don masu zubar da ƙazanta sun san lokacin da suke zubarwa. Kawa ce ba a iya yi wa wayo. Wannan keji kuwa shi ne na gindin magudanar da ke gangarowa daga bayan tudu, inda ake fasa tsofaffin batir ana narka dalma. Da Dakta ba ta yi wa kawarta alama ba, da ta kwashi waɗannan ta kai birnin Tanga, ɗakin gwaji ya ce rafi lafiya lau, magana ta mutu.

Kafin azahar duk Pembeni sun gama shari'a a bakinsu. Masanja ne ya musanya, maigadin masana'antar batir ɗin. Baƙo ne daga can cikin ƙasa, ba ya cin kifi, ba ya zama majalisa, an kuma sha ganinsa tsaye a bakin rafi. Me ya rage?

* * *

Mzee Dossa, wato dattijo Dossa, shugaban ƙauye, ya aika a kira Mzee Shomari, ba don yana shakkar hukuncin jama'a ba, sai don a samu abin nuna wa 'yan sanda. Shomari ya yi ƙuruciyarsa da tsakiyar shekarunsa yana bin sawun maharba a gandun daji. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai aikin ya koma bin sawun akuya. Ya saurari Dossa har ya gama, ya ce zai duba, ya ƙara da cewa idanunsa ba sa jin jita-jita, saboda haka kada a yi fushi in sun ga wani abu dabam.

Ko ba a kira shi ba zai je. Ƙananan kaburbura sun yi yawa a maƙabartar Pembeni a 'yan shekarun nan, yaran da suka rayu kuma wasunsu sai kallo, a kira su ba sa waiwayowa da wuri. Mutane suka ce aljanin rafi ne ya fusata, aka yanka masa baƙin bunsuru. Aljani dai yana da daɗin tuhuma, ba ya musu, ba ya zuwa kotu. Biyu daga cikin kaburburan nan na Mwajabu ne, 'yar ƙanensa marigayi. Mijinta yana teku duka lokutan biyu, Shomari ne ya ɗauke su a hannu zuwa maƙabarta, kuma abin da ya tsaya masa a rai har yau shi ne rashin nauyinsu. Yanzu Mwajabu tana da wani cikin, ya tsufa. Yana son ya san ko abin da take ci kullum ne ke kashe mata 'ya'ya, kuma yana son sani kafin ta haihu. Amsar tana cikin kejin nan, wani ya sace ta.

Dakta ta gaya masa ruwan sama ya kusa sauka. In ya sauka zai wanke rafin, sai ta sake sabon zubi, a jira wata shekara.

* * *

Teku ba gandun daji ba ce. Sau biyu a wuni take share duk abin da aka rubuta a taɓo. Shomari ya bar wurin keji, ya hau gefen da ruwa ba ya kaiwa, nan ya sami sawun takalmin roba mai ƙarfe a baki, irin na ma'aikatan masana'anta. Ba na rana ɗaya ba ne, sabo a kan tsoho. Matasan da suka biyo shi suka fara murna.

Shi kuwa ya tsuguna. Sawun kan gangaro daga tudu ya zo daidai inda taɓo ya fara, ya tsaya. Sai diddige ya nutse a wuri ɗaya kamar na mai dogon tsayuwa, ƙafa ta gusa dama, ta gusa hagu, sannan ta juya. Ko sau ɗaya ba ta shiga ba. Tsakanin nan da keji akwai taɓon da ke haɗiye mutum har ƙugu in bai san ta inda ake bi ba.

Ya iske Masanja a ƙofar masana'anta, dogo, ramamme, yana riƙe da kulki kamar an ba shi ajiya. Ya amsa cewa sawunsa ne. Shi mutumin shanu ne, ruwan da ya fi ƙarfin gwiwa ba ya shiga. Da Shomari ya tambaye shi me yake nema a bakin rafi, sai ya miƙo hannayensa biyu. Suna rawa. Ya ɗaga leɓe ya nuna dasashinsa, wani baƙin zare ya bi gindin haƙora.

"An ce matar nan mai keji likita ce," in ji shi. "Nakan je in tsaya ko zan gan ta. In na hango ta kuma sai in tuna in manaja ya ji, na bar aiki ke nan."

Shomari ya gaya masa ba likitar mutane ba ce, likitar ruwa ce. Masanja ya ce ai shi ma yanzu bai san ko shi mutum ne ko ruwa ba.

* * *

Daga nan zarginsa ya koma kan Kibwana, kuma ya yi wuni guda yana ganin ya kama ɓarawo. Kibwana ya san inda kowane keji yake. Kwalekwale ba ya barin sawu. Ga shi kwanan nan ya ɗaura sabon inji, alhali kowa ya san ko ragarsa a fashe take.

Ya same shi yana kwance a inuwar kwalekwalen. Kibwana ya yi dariya har da tari, ya ce injin nan surukinsa na Maskat ne ya aiko, kuma ba don Allah ya aiko ba, don a daina ce wa 'yar'uwarsa matar mai filafili ne. In Mzee yana so ya je ya tambayi matar, amma ya tafi da abincin rana, don labarin yana da tsawo.

Shomari ya ciro kawa ɗaya daga aljihu, cikin waɗanda aka samu a keji, ya ce ya buɗe masa. Kibwana ya juya ta, ya sa wuƙa ta zame, ya ɗauki dutse ya kwankwatse ta.

"Haka kake buɗewa?"

"Haka nake buɗe kwakwa ma. Mzee, yaushe ka ga namiji da wuƙar kawa a garin nan? So kake Bi Chausiku ta ɗaura mini zane?"

Shomari bai yi dariya ba. Bi Chausiku ita ce uwar mata masu ɗibar kawa, ita ke cewa yau a shiga nan, gobe a bar can ya huta. Ita ce kuma matar ƙanensa, uwar Mwajabu.

* * *

Dakta Aika ta ajiye kejin a bokitin ruwan gishiri a ajin makaranta, ba ta taɓa jerin da ke ciki ba. Ita ta fara nuna masa abin da shi bai lura da shi ba. Waɗannan kawa ba na rafi ba ne, yashi ne a jikinsu ba taɓo ba, daga duwatsun bakin teku aka ɓamɓaro su. An ɓamɓaro su kuma ba tare da an fasa ko ɗaya ba, an jera su kowace zurfin ɓawonta a ƙasa don ta riƙe ruwanta. Ta ce wanda ya yi wannan bai so su mutu ba. Ɗan kwangila zai zuba ne kawai ya ɗaure.

Shomari ya ce hannun mace ne, amma matan da ke da irin wannan hannu a Pembeni sun fi a ƙirga. Ya tambaye ta ina take jin nata suka tafi. Ta ce ai ba sai an tambaya ba, an watsa su a zurfi. Ta sa an lalube taɓon gefen keji ba a ga ko ɗaya ba.

Ya daɗe yana kallon bokitin. Yana yaro ya taɓa bin uwarsa rafi, ya ga wata 'yar ƙaramar kawa a kwandonta, ya ɗauka ya jefa ruwa don ta ƙara girma. Marin da ya sha ya sa kunnensa ya yi kwanaki yana ƙara. Abin da teku ta sa miki a kwando ba a mayar mata. Wadda ta mayar ta raina kyauta, teku kuma za ta rufe mata ƙofa, ita da 'ya'yanta mata. Ƙarama ce, ruɓaɓɓiya ce, a kai ta gida. Shomari ya daɗe da daina yarda da irin waɗannan maganganu, amma ya san matan ba su daina ba. Matar da ta yi ƙarfin halin yanke wayar kejin gwamnati ba za ta yi ƙarfin halin zubar da cikakken kwando a ruwa ba.

"Ba a zubar ba, Dakta," ya ce.

"To ina aka kai su?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita, ita ma da ta dubi fuskarsa ba ta sake tambaya ba.

* * *

Bayan kowane gida a Pembeni akwai tsibin ɓawo, ana tarawa har ya isa a ƙona a yi farar ƙasa. Washegari da safe Shomari ya bi bayan gidaje yana cewa akuyarsa ce ta ɓata. Mata suna leƙowa ta katangar ganyen kwakwa suna yi masa tsiya, wai mai bin sawun giwa ya kasa riƙe akuya ɗaya, wata ta ce ko dai bazawara yake nema ya faɗa a taimaka masa. Yana amsa musu, yana tona tsibi da sandarsa.

Ya san yana zagaye ne. Gidan da ya kamata ya fara da shi, na Bi Chausiku, shi ya bari ƙarshe.

An yi ƙoƙari. An tona tsibin an zuba su a ƙasa, an rufe da tsohon ɓawo wanda rana ta farar. Amma kaji ba su san sirri ba, sun barbaza gefe ɗaya. Ya sunkuya ya ɗauki ɓawo, ya goge da babban yatsa. Sai ya tuna kwanon da aka aiko masa daga gidan nan ranar wata Juma'a, kawa manya a romon kwakwa, har ya ce rabonsa da irinsu tun ƙanensa yana da rai. Da burodi ya suɗe kwanon.

Bi Chausiku tana tsaye a ƙofar baya da ludayi a hannu. Ba ta tambaye shi akuya ba.

"Shemeji," ta ce, wato suruki, yadda ta saba kiransa. "Ka mayar inda ka ɗauka. Ka shigo ka sha shayi."

Da zai iya, watakila da ya shiga. Amma hayaniya ta taso daga wajen kasuwa. Matasa sun gaji da jiran idanun tsoho, sun tare Masanja a hanya, sun jawo shi gindin mangwaro. Shomari ya cika aljihunsa da ɓawo, ya ce mata ta ɗauko mayafi, ko ta faɗa da bakinta ko ya faɗa.

* * *

Duk garin yana gindin mangwaro. Masanja na zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannu da igiyar raga, leɓensa ya fashe. Mzee Dossa yana ta ɗaga hannu ba mai kallonsa. Kibwana ya hau kan tushen bishiya don kada wani abu ya wuce shi. Dakta ta tsaya kusa da maigadin, ta ƙi gusawa. Mwajabu tana zaune a benci cikin mata, ta jingina da bango.

Shomari ya yi magana a taƙaice. Ya ce sawun Masanja bai taɓa taka taɓo ba. Ya ce Kibwana ko kawa ɗaya bai iya buɗewa, aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Sannan ya juye aljihunsa a kan tabarmar Dossa. Ɓawon suka watsu, jan ɗigon yana kallon sama. Bai faɗi inda ya same su ba. Ya koma gefe ya jira.

Matan ne suka fara ganewa. Ba su dubi juna ba, ƙasa suka duba.

"Ku kwance bawan Allah," in ji Bi Chausiku daga baya. Ta ratso mutane ta tsaya a tsakiya. "Ni ce. Ni kaɗai, kada a nemi wata."

Dossa ya tambaye ta nawa aka ba ta. Ta yi masa kallon da ya sa ya gyara hularsa. Ta ce ita ba ta taɓa taka ƙofar masana'anta ba. Ta je wani gari a kudu biki, ta ga abin da takardar masu ilimi ta yi musu: an kafa allo a bakin rafi an hana ɗiba, mata sun koma wankau a birni, hayaƙin da ya jawo abin kuwa yana nan yana tashi har gobe. Allo a kan talaka ake kafa shi. A Pembeni kawa ce kuɗin makaranta, ita ce maganin zazzaɓi, ita ce abin da bazawara take riƙe kanta da shi. Kakanninta sun ci, sun haifi goma goma. Yarinya ta zo daga garinsu na kan dutse da kwalbar fenti za ta rufe musu rafi?

Ba a yi mata ihu ba. Rabin matan da ke wurin, da sun san hanya, da sun riga ta.

Dakta ta ce ba za ta yi mata alkawarin abin da gwamnati za ta yi ba, don ita ma ta ga irin allon nan, kuma ya hana ta barci. Ta ce kakanni sun ci kawa, amma ba su ci wadda ta yi watanni a gindin magudanar batir ba. Ta durƙusa ta ɗauki ɓawo ɗaya, ta juya cikinsa. An kankare shi tas, yadda dafaffe yake fita.

"Mama, ina naman?"

"Ina nama yake zuwa? Zubarwa zan yi?"

"Wa ya ci?"

Sai a lokacin wani abu ya motsa a fuskar Bi Chausiku. Dakta ta yi magana a hankali, ta ce tukunya ɗaya ba ita ce ta cika maƙabarta ba, abin na shekaru ne, kuma ba za ta ce ga abin da tukunyar nan ta yi ba sai an gwada. Ɓawo ma ana iya niƙa shi a duba, amma shaidarsa ba ta kai ta nama ba. Naman kuwa yanzu yana jinin waɗanda suka ci. In suna so a san gaskiyar rafin bana, su ne za a gwada. Tana bukatar sunayensu.

A Pembeni ba a dafa babbar tukunya a ci a ɓoye. Bi Chausiku ta fara kira. Gidan liman. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ita, wadda ba ta gani. 'Yan biyun Kibwana, da suka shigo suna wasa aka zuba musu. Kibwana ya sauko daga tushen bishiyar. Duk wanda aka kira sai ya miƙe, ba wanda ya ce su miƙe. Ta ce shemeji, Shomari ya matso cikinsu. Sannan ta ce shi ke nan.

Benci ya yi ƙara. Mwajabu ta dafa kafaɗar ta kusa da ita, ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki.

"Ba ki kira ni ba, Mama."

Uwar ba ta juyo ba.

"Ni kika zaɓar wa manyan. Kika tsaya a kaina sai da na shanye romon, kika ce jini yake ƙarawa." Ta dubi Shomari. "Baba babba, ba haka ake cewa ba? Yana ƙara jini?"

Shomari ya ce haka ake cewa.

Hanyar mota ta lalace, ruwan teku kuma ya fara dawowa, saboda haka Dakta ta ce Kibwana ya zuba mai, ta teku za a fi saurin isa Tanga. Mai ciki da yara tukuna. Masanja ma ya shiga, in ji ta, ko yana tsoron ruwa ko ba ya tsoro. Aka gangara bakin rafi. Shomari ya riƙe kwalekwalen aka ɗora 'yan biyu, aka ɗora Mwajabu, maigadin ya runtse ido ya taka, sannan Shomari ma ya hau ya zauna a bakin katako.

Bi Chausiku ta biyo su da zanen 'yarta a naɗe a hammata. Ta shigo ruwa har gwiwa, ta kama gefen kwalekwalen. Ba wanda ya hana ta hawa. Ba kuma wanda ya gusa ya ba ta wuri, har Kibwana ya ja igiyar inji.